Tarun Fannami Mai Ido Dubu da Tara

Fannami masaƙin taru ne a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Haɗeja, zamanin da Turawa ke shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Nguru. Bai yi nisa a karatu ba, amma Allah ya jarabce shi da son ƙirga. Ko kifi aka shanya, sai ya tsaya ya ga ko zai rabu uku daidai.

'Ya'yansa maza biyar ne a lokacin, ba su da aiki sai cacar baki. Babban tsoronsa shi ne ranar da za su yayyanka tarun gidan kowa ya kama gabansa, don ya ga gidajen da aka yi haka suka watse. Sai ya ƙudura saƙa taru mai tsawon da ba zai rabu daidai ba, ko mutum nawa suka zo rabon. Ya san halinsu, ba mai yarda a fi shi ko da ido ɗaya na raga.

Damina guda ya kwashe a zaure da ƙwaryar 'ya'yan tsamiya yana kasawa. Dubu ta ba shi haushi, kusan kowa ya zo raba ta sai ta yarda. Dubu da ɗaya ta yi kamar za ta jure, da ya kasa ta bakwai sai ta ba da kai. Amma dubu da tara, ya kasa ta biyu, uku, biyar, bakwai, har ya wuce talatin, kullum sai an sami saura.

"Wannan mai taurin kai ce irina," ya ce wa matarsa Mairam. Ita dai ta ce ya mayar mata da ƙwaryarta.

Ya saƙa tarun, tsawonsa ido dubu da tara cif. Aka yi shekaru ana ja da shi a fadama. Uku cikin 'ya'yan suka riga shi komawa ga Allah, saura Shu'ibu babba da ƙaninsa Inuwa, kuma cacar bakin tana nan.

Wata shekara da kaka, Inuwa ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, Nguru nake so in koma, can cinikin bandar kifi ke tafiya. A ba ni rabin tarun."

Tsohon ya ce, "Ku ƙirga. In ya rabu daidai, ku yanka."

Suka shimfiɗa tarun a rairayi, kowa ya faro daga bakinsa, suka haɗu a tsakiya. Ido ɗaya ya rage. Fannami ya gyara zama yana jiran rigimar da za ta riƙe masa gida.

Shu'ibu ya dubi ƙaninsa ya ce, "Shi ne mai tafiya, Baba. Na bar masa."

"Na gode, Yaya," in ji Inuwa.

Tun da Fannami ya haife su bai taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ran nan, kuma ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Ya karɓi wuƙar ya yanka da hannunsa, ya zauna yana ɗaure bakin kowane rabi ƙulli-ƙulli don kada ya warware.