Shaida na Biyu a Kan Jigawa

Kawuna Yusha'u manomi ne a wani ƙauye kusa da Korgom. In ka cire gonar gero da 'yan awakinsa, ba shi da komai sai idanu, kuma idanun nan su suka yi masa suna. Shekara talatin da ɗoriya, duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da ranar ashirin da tara ga azumi, shi ke hawa jigawar da ke yamma da gari ya duba jinjirin wata. Limaminmu ba ya karɓar maganar mutum guda sai da shaida na biyu, don haka kullum da amininsa Ɗan Malam suke hawa, wani mai yasar rijiya marar yawan magana. In suka sauko suka ce sun gani, liman ya sa a yi shela, gari ya tashi da azumi ko da salla. Ko bayan da rediyo da salula suka cika gari, mutanenmu sukan saurari sanarwar Yamai, babban birnin ƙasa, amma hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji abin da Yusha'u ya ce.

Ni ne Abdul Razak, ɗan ƙanwarsa. Filozofi, wato falsafa, nake koyarwa a wata lise, babbar sakandare, a Tasawa, kuma ba zan ɓoye ba, shekarar da na fara aiki kaina a kumbure yake da karatu, ina neman wanda zan sauke wa. Na zo hutu na tarar da su biyu a gindin bedi, wato dogon yaro, suna ɓarar gyaɗa, sai na ce bari in taɓa tsoho.

"Kawu, watan da kake gani, ina yake? A sama, ko cikin kanka?"

"Mushe," in ji shi, da sunan da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, kamar yadda yake yi in yana son ya yi mini ba'a, "haka lakwal ke maida mutum? A sama mana."

Na gyara zama na shiga yi masa darasi. Na ce abin da ke iso gare shi hoto ne kawai a cikin hankalinsa. Mai mafarki ma yana ganin wata, mai zazzaɓi yana ganin mutane a jikin bango. Ta yaya zai fita daga cikin kansa ya gwada hoton da ainihin abin?

"Shi ya sa muke hawa mu biyu," ya ce. "In ni kaɗai na gani, sai in ce idona ne. To Ɗan Malam ma ya gani. Ka taɓa jin mutum biyu sun yi mahwarki guda?"

"Ka taɓa shiga cikin kan Ɗan Malam? Yatsarsa ka gani, muryarsa ka ji. Abin da ke cikin idonsa ba ka sani ba."

Kawu ya yi dariya har da tari, ya jefe ni da ɓawon gyaɗa. Ya ce in dai duniya a cikin kaina take, in bar cin tuwon matarsa Binta, in zauna in yi tunanin ƙoshi. Ɗan Malam bai yi dariya ba. Tashi ya yi, ya ce zai je ya ɗaure akuya. A lokacin ban kawo komai a raina ba, daɗin bakina nake ji.

Wannan gardama ta zame mana abin gaisuwa. Duk hutu sai mun yi ta, ni da hujjojin littafi, shi da na gona, kuma sau da yawa shi ke kayar da ni. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa: mu biyu muka gani.

Shekara uku da suka wuce Ɗan Malam ya kwanta ciwon ajali. Bayan kwana bakwai da rasuwarsa, ina fitowa daga aji sai na ga Kawu tsaye a ƙofar makaranta. Mutumin da ya tsani hawa moto ya hau kabu-kabu tun daga Korgom, rawaninsa a karkace. Ko gaisuwar kirki bai bari mun yi ba, ya ja ni inuwa ya gaya mini cewa ana gobe zai rasu Ɗan Malam ya aika a kira shi, ya riƙe hannunsa ya nemi gafara. Ɗan Malam ya ce idonsa ya fara dushewa wajen shekara goma baya. Wata shekarar yakan ga watan, wata shekarar ba ya ganin komai, sai ya bi yatsar Yusha'u ya ce ga shi can, don ya san idon amininsa ba ya ƙarya, kuma yana kunyar a ce ya tsufa.

"Na ce mishi waɗanne shekaru? Ya ce bai iya tunawa." Kawu ya dube ni. "Maganarka ta tabbata, Abdu. Yatsa na gani, murya na ji. To ni hwa? Ni na gani?"

Wallahi ban taɓa cin gardamar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. A cikin shekarun nan goma, sau uku ƙauyenmu ya yi salla kwana guda kafin sanarwar Yamai, a kan maganarsu su biyu. In idon Kawu ne ya yaudare shi, to gari guda ya ci ya sha a ranar azumi, kuma shi ne sanadi. Na shiga kame-kame, ina cewa ai maganar aji ce, wasa ne na 'yan boko. Nan ya harzuƙa.

"Kada ka janye ta yanzu don ka ga na hwaɗi. In gaskiya ce jiya, gaskiya ce yau."

Ya je wa liman da zancen. Liman ya ce wanda ya faɗi abin da ya yi imani ya gani ba shi da laifi wajen Allah. Kawu ya ce shi ba laifi yake tambaya ba, wata yake tambaya, akwai shi ko babu.

Daga nan ya canza. Binta ta kira ni a waya tana kuka, ta ce ya hana ta sakat. In ya ce fura ta yi tsami ta ce eh, sai ya tsare ta da ido ya ce, ke ma kin ji tsamin, ko bina kike yi? In aka yarda da maganarsa a majalisa sai ransa ya ɓaci ya tashi. Mutane suka fara raɗa cewa Yusha'u ya taɓu. Ni na san bai taɓu ba. Tambayar da nake ba ɗalibai su cika takarda da ita su manta, shi da ita yake kwana yake tashi. Shekara biyu bai hau jigawa ba, kuma duk tsawon nan ina jin haushin Ɗan Malam, ina cewa mutumin banza ne.

Bara, ashirin da tara ga Sha'aban, ya aiko in zo. Muka hau mu biyu, muka yi magariba a kan yashi. Yamma ta yi ja, da ɗan siririn gajimare ƙasa-ƙasa. Ya daɗe tsaye bai motsa ba. Can ya ɗaga hannu ya nuna da yatsa.

"Can, bisa gawon nan, dama kaɗan. Ka gan shi?"

Na duba har idona ya kawo ruwa. Na goge tabarau na sake dubawa. Ban ga komai ba. Na waiwayo na ga fuskarsa, tsoho yana jira kamar wanda za a yanke wa hukunci, sai na ji "eh" ta zo mini har bakin harshe. Kalma ɗaya ce, kuma da ita zai yi barci. A nan na daina zagin Ɗan Malam.

"Ban gan shi ba, Kawu."

Ya sauke hannunsa a hankali. Ya ce, "Na gode. Ni ina ganin shi."

Muka sauko ya gaya wa liman. Liman ya ce shaida guda ba ta ɗora wa gari azumi, amma wanda ya gani da idonsa, shi ya wajaba a kansa. Yamai ta sanar ba a ga wata ba.

Washegari gari duka ya karya kumallo, Kawu kaɗai ke azumi. Da rana Binta ta kawo mini fura a gindin bedin nan. Yana zaune daura da ni, leɓɓansa a bushe. Na ture ƙwaryar gefe, na ce ba na jin yunwa.

"Sha, Abdu," ya ce. "Kai ba ka gani ba. Kada kai ma ka bi ni."

Na ɗauki ludayi na sha, yana kallona.