Madubin Keken Kunu

Ban yi boko ba. Turancina na ciniki ne, bai wuce bakin jarkar kunu ba. Amma na san muryar 'yata, kuma a watannin da take shirin jarrabawar nan, muryar da nake ji ta bayan labule ba tata ba ce.

Nas ce. Wani asibiti a ƙasar waje ya ce zai ɗauke ta aiki idan ta ci jarrabawar Turanci. Ta zauna sau ɗaya. Karatu ta ci, rubutu ta ci, sauraro ta ci. Ta baka ce ta kayar da ita, wadda ake zaunar da mutum a yi ta jefo masa tambayoyi yana amsawa. Asibitin ya yarda ta sake zama, amma ya ce daga wannan ba zai ƙara jira ba.

Ɗakinmu a Karmo, gefen Abuja, ciki ɗaya ne, labule ya raba shi. Idan ta dawo daga aiki sai ta jingina waya da gwangwanin madara, ta ɗauki muryarta, ta saurara, ta goge. Malamin da ke koya musu ta waya ya turo tambayoyin da aka saba yi, har da ta keke: kin taɓa mallakar keke kina yarinya? Kowace tambaya ta haddace mata amsa. Ina surfen gero ina ji. Murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta sanarwa a coci.

Wata rana malamin ya saurari amsarta ta keke, ya ce mata ko kurma ya san hadda ce, kuma masu jarrabawa ba sa ba hadda maki. Ta kife wayar.

Na ce, "Me kike ce musu a kan keken?"

"Mama, ba za ki gane ba."

"Juya min da Hausa."

Ta ja numfashi. "Na ce babana ya saya min jan keke ranar bikin haihuwata. Ina hawa da yamma a wurin shaƙatawa, ni da ƙawayena."

"Wane uban?"

"Kowa haka yake faɗa. Ba gaskiya suke nema ba, Turanci suke nema."

Na ajiye taɓarya. "To, ni ce Baturiyar da ke yi miki jarrabawar. Wa ya koya miki hawa?"

"Babana."

"A ina kika fara faɗuwa?"

Ta hau wasa da gwangwanin madara.

"Da tayar ta sace, wa ya yi miki faci?"

"Haba Mama."

"Ko da Hausa ma kin kasa. Ina za ki samo na Turanci?"

Ubanta birkila ne. Ya faɗo daga saman gini ya rasu tana rarrafe. Abin da ya bar mana shi ne tabarma da baƙin keke. Na koyi hawa a bayan gari, da zani a jikina, na yi ta faɗuwa har gwiwa ta daina kai min ƙara. Daga nan na fara dama kunun zaki ina kai wa leburori a wuraren gini, Gwarimpa da Life Camp, lokacin ana ta haƙa tushe ko'ina. Keken ba shi da madubi, hanyar kuwa ta tifa ce. Da yarinyar ta yi wayo sai na riƙa ɗora ta a kariya, wurin ɗora kaya na bayan keken, tana kallon baya, bayanta jingine da nawa, zani ya ɗaure mu tare, jarkoki na rataye gefe da gefe. Aikinta ɗaya: idan ta hango tifa ta yi ihu, in sauka gefe. Ba ta taɓa yin gyangyaɗi a bakin aikin ba.

Na ce, "Ki faɗa musu namu."

Ta ɗago ido. "In zauna gaban Baturiya in ce a bayan keken kunu na girma? Kin manta abin da yara ke kirana a makaranta? Jarka ta uku."

Ban manta ba. Na koma kan gerona.

Keken yana wurin mai facin bakin kasuwa tun da gwiwoyina suka fara tsufa, yana aiken yaransa da shi. Ran Asabar na je.

"Maman kunu, lafiya? Ko za a koma fagen fama ne?"

"Sa min iska. Ka duba birki."

"Birkin nan sai da addu'a yake kamawa."

"Da ma haka na san shi."

Ran Lahadi, da muka taso daga coci, ta tarar da shi a ƙofar ɗaki. Na miƙa mata zani.

"Hau. Ki juya baya."

"Mama, mutane fa!"

"Mutanen ne za su rubuta miki jarrabawar?"

Ta hau tana ƙunƙuni. Ta yi nauyi. Na taka feda, keken ya yi dama ya yi hagu kamar ya sha burkutu. 'Yan acaba da ke majalisa a bakin kwana suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ɗaga murya, "Mama, ina za a kai amaryar, ta juya mana baya?"

Na ce, "Gidan da ba a hawa acaba."

Muka hau titi. Tana bayana a sandare. Muna gangarawa wajen gadar nan ƙarama sai na ji bayanta ya motsa, ta dafe cinyata ta baya, ta ƙwalla, "Tifa! Mama gefe! Gefe!"

Na sauka gefe. Tifar ta wuce da yashi tana huci. Muryar nan ce, ta yarinya mai kitso biyu, ba abin da ya canja.

Na ce, "Yawwa. Yanzu faɗa da Turanci."

"Me?"

"Abin da kike gani. Abin da kika gani a da. Ki yi ta faɗa, ba zan tsaya ba sai kin gama."

Ta fara a hankali, tana tuntuɓe. Can sai bakin ya buɗe. Ban ji kalma ɗaya ba sai "Mama" da "kunu", amma na ji inda ta yi dariya, na ji inda ta yi sauri, na ji inda ta tsaya ta sake ɗauka. Da hannu take nunawa, keken na rawa. Daga baya ta gaya min abin da ta faɗa: yadda ta san Abuja ta baya, gidaje suna nisa da ita maimakon su matso, yadda take gane tifa mai kaya da marar kaya tun daga kuka, ranar da jarka ta fashe muka isa gida kunu har cikin takalmi, da yadda take jin numfashina a ƙashin bayanta idan muna hawan tudu.

Har Idu muka kai. Dawowa da ƙafa muka yi, muna tura keken, don gwiwata ta ce ta gama.

Sauran amsoshin ma duk ta zubar da su. Aka tambaye ta abinci, ta kawo kunu. Aka tambaye ta maƙwabta, ta kawo mai faci. Malamin ya ce akwai 'yan kurakurai, amma yanzu mutum ne ke magana.

Ranar jarrabawa ban raka ta ba, ina da kunu a wuta. Ta dawo da la'asar ta cire takalmi a bakin ƙofa.

Na ce, "An tambayi keken?"

"An tambayi yadda nake zirga-zirga ina yarinya. Na ɗora Baturiyar a kariya."

"Ta hau?"

"Sai da ta ɗaga min hannu in tsaya, lokaci ya ƙare. Ban ma kai kan jarkar da ta fashe ba."

Da sakamako ya fito tana wurin aiki. Ta kira ni tana ihu, irin ihun tifa. Ta ci, asibitin ya ɗauke ta. Na ce mun gode Allah, na kashe wayar, na zauna a kan turmi. Kunun ranar ya kama ƙasan tukunya, ban damu ba.

Saura 'yan makonni ta tafi, ta zo min da wata magana. An gaya mata a garin da za ta, ma'aikatan asibiti da keke suke zuwa aiki. Ita kuwa duk shekarun nan ba ta taɓa riƙe kan keke ba.

Muka je filin bayan gari, inda na koya. Ta hau sirdi, na riƙe kariya ina binta da ɗan gudun da ya rage min. Sai waiwaye take yi.

Na ce, "Ke, kalli gabanki. Bayan nawa ne yanzu."

Ta taka. Na saki.