Lucius Varnado da Kyamararsa

A unguwarsu da ke gabashin Detroit babu mai son ganin Lucius Varnado ya doso da kyamara a kafaɗa. Masu aski su juya masa baya, matan coci su ja labule. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake duk mai gudun kyamara maƙaryaci ne.

Tun yana ƙarami ya san ya fita daban. Uwarsa Ernestine baƙa ce wuluk, haka ma yayarsa Odessa, shi kuwa fari ne tas. Mijin uwar, ma'aikacin masana'antar motoci, har ya mutu bai taɓa ce masa ɗana ba. Lucius ya tafi Chicago karatun falsafa, ya haɗiye littattafai kan mene ne mutum, mece ce gaskiya, ya yi ta musu da malamai har ya kira ɗaya daga cikinsu aku a gaban aji. Aka sallame shi. Ya dawo gida da tsohuwar kyamara da ra'ayi guda: baki na ƙarya, amma fuska ba ta yi.

Da wannan ra'ayi ya addabi jama'a. Ya ɗauki fastoci, ya ɗauki 'yan dambe, ya ɗauki matarsa Corinne tana kuka ranar da ta yi ɓari. Ta tattara nata ya nata ta bar shi.

Wata Lahadi ya kafa kyamara a kicin, uwarsa na suyar kaza.

"Mama, wane ne ubana?"

"Kawar min da abin nan daga fuska."

"Suna kawai nake so."

"Wanda ya ciyar da kai shi ne ubanka, mara kunya. Karatun nan ya zame maka ciwo."

Bai kashe kyamarar ba. Ya bar ta tana ɗauka har tsohuwar ta zauna ta rufe fuska da tsumma, mai yana ƙonewa a kasko.

Ya nuna fim ɗin a wani ƙaramin gidan sinima. Masu sharhi suka yi ta tafi, wani ya ce wannan ita ce gaskiya tsagwaronta. Sai Odessa ta miƙe daga kujerun baya.

"Gaskiyar uban wa? Kai Lucius, ka tozarta uwarka a gaban baƙi don su tafa maka? Kana son sanin ko kai wane ne? Ungulu ne kai, mai jiran mushe!"

"Zauna, Odessa, ba ki fahimci aikin ba."

"Tun kana fitsarin kwance na fahimce ka."

Ernestine ta rasu ba ta sake yi masa magana ba. Ranar jana'iza Odessa ta sa aka tare shi a ƙofar coci. Bayan shekaru wata ƙanwar uwar ta fasa masa ƙwan, cikin fushi ba don tausayi ba: Ernestine ta yi aikatau a gidan wani attajiri farar fata, shi ne ya yi mata cikin Lucius, kuma ba da son ranta ba. Mutumin ya daɗe a kabari.

Da wani ne, da ya yi laushi. Lucius sai ya ƙara ɗaci. Ya je ya kafa kyamara a ƙofar gidan, yana kwarara wa jikokin mutumin tambayoyi ta kan katanga, har 'yan sanda suka kore shi. Daga nan ya juya kyamarar kan kansa, ya yi ta ɗaukar fuskarsa yana zaginta, yana neman inda ta yi kama da wancan mutum. Wannan fim bai nuna wa kowa ba.

Da tsufa ya zo, ya koma koyar da ɗaukar fim a wani zauren unguwa, inda ɗalibai ke shigowa da zumuɗi su gudu kafin wata ya ƙare. Shanyewar jiki ce ta kayar da shi a kan matattakala, nan ya cika. Wata jami'a ta aiko tana neman fayafayansa don adanawa. Odessa ta kwashe su ta zuba a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki, ta ce wa ɗan aiken su dawo in sun ji ta mutu.