Awonki da Awona, Sista

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina fama da zare da kafar allura, mai shagon magani na kusa da ni ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Mutumin da kullum sai ya ture mini yadi daga kan benci ya zauna. Ya ce, "Inna Tela, Sista ta rasu." Kwana huɗu kacal kika yi a kwance. Shekarunki hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga cikinsu kina ungozoma, kina karɓar 'ya'yan mutane. Allah ne ya ara mana ke, shi ne kuma ya karɓi abinsa.

Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Da na ji, ba ke kika fara faɗo mini a rai ba. Autata ce da cikinta wata takwas, wanda kika dafa da hannunki kika ce in Allah ya kai mu ke za ki karɓe shi. Yau kwananki goma a ƙasa. Masu ilimi sun yi ta rubuta alherinki, ni kuwa na kasa riƙe biro saboda raina yana rataye a wani wuri. Yanzu ga ni, kuma da labari na zo, irin wanda ake shigowa da shi gida a manta da sallama. Amma kin san ni, kakata ce ta rene ni, ita kuwa ba ta taɓa fara labari daga wutsiya ba. Sai ki bar ni in bi hanya.

Shekara goma sha biyu ke nan da wata amarya mai cikin fari ta shigo shagona tana sunkuyar da kai, ta ce an turo ta awo. Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da asibitin unguwa inda kike aiki. Na ciro tef daga wuya, na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo. Na ce, "Ina yadin?" Ta ce, "Da yadi ake zuwa?" Na ce, "To, 'yar nan, da me zan ɗinka?" Sai ta ce, "Inna, cikin fa, ba a duba shi?" Ana haka kika leƙo nemanta, don mijinta ya gaji da jira a bencinku. Kika yi dariya har sai da kika riƙe ƙofa.

Da dariyar ta lafa sai kika zauna, kika tambaye ni masu ciki nawa ke kawo mini riga in buɗa musu a wata. Muka duba littafin awona, ashirin da uku. Kika ce a watan nan tara suka zo wurinki, a cikinsu kuma babu ko ɗaya daga ƙetaren kwari sai wannan da ta ɓata hanya. Kika ce, "Inna Tela, ashe kina sanin mai ciki kafin surukarta ta sani." A ranar muka kafa doka: duk wadda ta kawo riga a buɗa, sai ta nuna katin asibiti. Awon Sista tukuna, sannan nawa. An yi fushi. An kira ni tsohuwa mai shisshigi, wasu suka kwashi rigunansu suka kai gaba. Sai kika bi telolin unguwa ɗaya bayan ɗaya, har mai ciki ta rasa wurin gudu sai dai ta yi ta yawo cikin rigar mijinta.

Ga wanda bai san wurinmu ba, kwarin ruwa ne ya raba unguwar biyu. A gefenmu akwai kwalta, mota na zuwa har ƙofar gida. A can kuwa katako biyu aka gitta, lungun ma ko amalanke sai an karkata shi. Kin sha faɗa mini abin da ke cin ranki: 'yan gida ɗaya, wannan ta yi aure nan ta haihu ta tashi, waccan ta yi aure can a yi mata sutura, kuma duk bambancinsu katako biyu. Ba ki tsaya jiran a gina gada ba. Kika rataya baƙar jakarki kina haurawa sau uku a mako, da rani da damina, da wannan jiki naki da katakon ke kuka in kin taka.

Kowace Alhamis bayan la'asar shagona ya zama aji. Kika sa na ɗinka miki 'yar tsana da ƙyallaye, da jakar mahaifa mai zariya, da cibiya ta jar igiya. Ke kuma kina jiƙa tsohon zane da ruwa mai launi, kina ɗaga shi kina cewa in jini ya kai haka, kada a tsaya neman izinin wanda ya tafi kasuwa. Ciwon kai mai nacin tsiya, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, kin maimaita su har yaran lungu suna wasa da su. Ranar da kika tara maza, kika zaro 'yar tsana daga jaka kai a gaba, mahauci ya sulale daga kan benci. Mutumin da ke wuni cikin jini har gwiwar hannu. Da ya farfaɗo kika ce, "Sannu da haihuwa, Sarkin Yanka." Sunan ya bi shi har yau, kuma shi ne ya kawo sanduna biyu na ɗinka musu tamfol, aka samu abin ɗauko mace daga ƙetare zuwa bakin kwalta.

Ni ma ban tsira ba. Wata Alhamis baki ya ɗebe ni a gaban surukai, na ce mu dai tara muka haifa a ɗaki, ba kati ba allura. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Nawa ke kiranki Inna yau?" Na ce huɗu. Kika taso kika riƙe hannuna, kika tambaye ni sunayen biyar ɗin. Shekara arba'in babu wanda ya taɓa tambayata sunayensu.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi, kuma ke kaɗai kika san shi sai yau. Shekara bakwai da suka wuce, Auta ta yi aure a ƙetaren kwari ta samu cikin fari. Katinta yana hannunta, don haka na saki jiki. Ta kawo riga ta ce wuyan hannu ya matse ta, na farke na buɗa. Bayan kwana biyar ta dawo da ita, na sake buɗawa, har ina tsokanarta cewa mijinta yana kiwo. Ni da nake kora 'ya'yan wasu wurinki, na ga kumburi a hannun 'yata na ɗauka aikin almakashi ne. Jijjiga ta kama ta a tsakar gida. Kin ceto Auta, yaron kuwa ba a ji kukansa ba. Na jira ki yi mini faɗa, ba ki yi ba. Daga nan ciki bai sake zama ba sai daminar da ta wuce. Da ya zauna kika karɓi tef ɗina, kika zagaya wuyan hannunta da shi, kika ja layi da biro. Kika ce, "Wannan ba ya maye gurbin awona. Amma ran da ya wuce nan, ko kin ji ta ce kai, ki ajiye almakashi."

To, ga labarin.

Tun da aka binne ki Auta ta ƙi zuwa asibiti. In na yi magana sai ta ce, "Inna, wa zan tarar a can?" Na san wa take gudu: abokiyar aikinki, doguwar nan da kika horar, wadda muke kira Sista Ba-Dariya a bayan idonta. Sai na koma haura katako kowace safiya da tef a wuya, ni da gwiwoyin nan. Shekaranjiya Laraba na same ta zaune bakin gado ta dafe goshi, idanunta sun shige cikin fuska. Ta ce tun asuba kan ke sara, kuma tana ganina biyu. Na zagaya tef. Ya wuce layinki da faɗin yatsa.

Sista, sai na zauna a ƙasa da tef a hannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A kira Sista." Surukar Auta, wadda ta fi kowa kirana mai shisshigi a da, ta dube ni ta ce, "Ke Tela, Sista tana inda ba a kira. Tashi ki riƙe mata kai." Ta fita tsakar gida ba ko mayafi, ta ɗauki faranti da ludayi ta shiga bugawa don tara maƙwabta. Da ma kina nan kika gani. Kafin in ɗaura wa Auta ɗankwali, maƙwabciya ta shigo ta ɗauko katin asibitin Auta, wata ta kwantar da ita a gefen hagu tana faɗin kalmominki har da yadda kike jan "sannu". Sarkin Yanka ya bar nama a kan teburi ya iso da tamfol, wuƙa ma a ƙugunsa. Maza huɗu suka ɗauke ta, mijinta yana gaba yana share hanya yana kiran sunanta. Muka iso bakin katako. Suka haura taki ɗaya ɗaya, kamar yadda kika sa su gwadawa da buhun yashi suna ƙunƙuni. A bakin kwalta direban motar haya ya riga ya sauke fasinjojinsa, ƙofa a buɗe, wani dattijo yana tsaye da kayansa yana cewa, "Ku je, ku je, ni zan taka."

Ba-Dariya tana tsaye a ƙofar asibiti, an riga an yi mata waya. Ta ɗaura abin awon jini, ta duba. Ta yi allura, ta sa ƙarin ruwa, ta kira babban asibiti ta faɗa musu abin da za su shirya, da murya irin ta wadda ba a ce wa a'a. Ta shiga mota da mu ta ɗaga ledar ruwa sama, hannunta bai sauka ba har muka isa. Auta ta kama gefen rigarta tana cewa, "Kada ki bar ni." Ta ce, "Ai ba ke kaɗai aka bar wa amana ba, ƙanwata. Ni ma an bar mini."

Aka shiga da ita ɗakin tiyata. Na zauna a baranda ina ninke tef ina warwarewa. Bayan azahar ƙofa ta buɗe, Ba-Dariya ta fito ta cire ƙyallen hanci. Ta ce, "Inna Tela, mace ce. Ƙarama ce amma bakinta ya fi na kakarta. Uwar ma lafiya." Sai ta yi dariya. Sista, ashe wushirya gare ta. Shekara nawa muna katanga ɗaya, kika rufe mini wannan.

A nan kuka ya kece mini, irin na yara, da majina da komai. Wata mata mai jinya ta matso ta dafa ni ta ce, "Sannu, Inna, Allah ya ba ta wani mai albarka." Na ce ai jaririya tana nan da ranta, ga kukanta can yana tashi. Ta ce, "To kukan me kike?" Na ce ungozomarmu ce ta rasu. Ta ce, "Yau?" Na ce kwana takwas. Ta dube ni kamar wadda ta samu taɓi, sannan ta tambaya wacce. Da na kwatanta ki, sai ta zauna daɓas a kan siminti. Ashe ke kika karɓi tagwayenta, kuma ba ta ji rasuwar ba sai a bakina. Muka haɗa kai muka yi ta yi, mijin Auta yana tsaye a kanmu ya rasa ko barka zai karɓa ko gaisuwa.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka da hannayen da suka wanke jinin matanmu ba tare da ƙyama ba. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta ka haskaka shi. Ka sanya kowane kukan farko da ta ji a duniya ya zama shaida a gare ta ranar da ba mai magana sai da izininka. Ka sa Aljanna ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Malam, wanda ya sha cin abinci da sanyi saboda matan wasu bai taɓa ɗaure mana fuska ba, ga 'ya'yanta uku da jikokinta, ga yayarta, ga abokan aikinta, musamman doguwar da daga yau na daina kiranta da wancan suna. Allah ya sanyaya zukatanku, ya tsaya muku a inda take tsaya muku. Malam, in ka samu ƙarfin fita, ka biyo ta wurinmu. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ya kamata ka ɗauka ka yi mata addu'a, tun da mai ɗakinka ba ta samu yi ba.