Garin da Aka Binne Kakata

A asibitin da na yi aikin jinya a Riyadh akwai wata abokiyar aikina 'yar ƙasar Ireland, doguwa, mai son surutu. Wata shekara ta ɗauko wani aiki da na ɗauka taɓin hankali ne. Wai za ta bi sawun wani malaminsu na Kirista mai gudun duniya, wanda ya bar ƙasarsu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya ratsa Faransa har Italiya yana kafa gidajen ibada. Kuma da ƙafa za ta bi hanyar.

Kullum da sassafe, kafin rana ta fara gasa mutane, sai ta ɗaure takalman hawan dutse a ƙarƙashin abaya, ta cika jakar goyo da gorunan ruwa, mu yi ta zagaye harabar gidajen ma'aikata. Ni ƙiba nake son ragewa, na bi ta. Tana tafe tana jero mini garuruwan hanyar, har na haddace su ba da niyya ba.

Wata safiya, don kada ta yi mini burga, na ce ai kakannina ma da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano zuwa Makka, shekara bakwai suna hanya, suna tsayawa noma. Ta ja ta tsaya.

"Ta waɗanne garuruwa suka bi?"

Na ce Cadi, na ce Sudan, amma sunan gari ko ɗaya ban sani ba.

Abin kunyar shi ne amsar tana unguwar Gubaira, a nan cikin Riyadh, tafiyar rabin awa a mota. Can Gwaggo take, yayar Baba, wadda aka yi tafiyar da ita tana yarinya. Baba kuwa yana yaye aka bar shi gida wurin dangi. Mahaifiyarsu ta rasu a hanya, aka binne ta a wani ƙauye, kuma Gwaggo kaɗai ta rage da ta san sunansa. Kunnenta ba ya jin waya. Ranar da zan taho Baba abu ɗaya ya roƙe ni, in zauna kusa da ita in tambayo masa garin da uwarsa take kwance.

Sau ɗaya na je, a watana na farko. Gidan ya cika da jikoki masu Larabci, Gwaggo ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Ɗiyata, ki dawo ranar da babu hayaniya, zancen da tsawo." Ban koma ba. Ina cewa babu direba, ina cewa aiki. Gaskiyar ita ce girman kai ya hana ni. Ni mai iƙama, wato takardar izinin zama, da albashi, ba na so direban asibiti ya riƙa ajiye ni a lungun da ake kiran mutanensa takari, sunan raini da Larabawa ke yi wa baƙaƙen da suka zo daga ƙasashenmu.

Baturiyar ta tafi hutu ta yi tafiyarta, ta dawo da ƙafafu duk kanta da ɗan littafi cike da hatimin garuruwan da ta kwana. Na sha alwashin zuwa Gubaira ranar Juma'a. Juma'a uku suka wuce, a ta huɗu ta'aziyyar Gwaggo ce ta kai ni.

Na ja babban ɗanta gefe na tambaye shi. Ya yi ta lalube da gurguwar Hausarsa, ya koma Larabci. Ya ce takan faɗi sunan, amma su ba su taɓa riƙewa ba. Ya ce duk ranar Juma'a takan sa a share ɗakinta, wai 'yar ƙanenta za ta zo da takarda.

Kwana biyu na kasa kiran Baba. Da na kira, na yi masa gaisuwa, ya amsa. Na ce, "Baba, ban tambaya ba."

"To, Allah ya san wurin," ya ce. "Ya aikin naku, Mamana?"