Dillali Tsakanin Inna da Autanta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma ba zan taɓa manta daminar da aka kira dillalin shanu ya shiga tsakanin mahaifiyata da ƙanena ba. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in na gama kuma in nemi bakin zane in share ido.

A Gaya aka yi abin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, sabuwar tutar da ke gaban biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari, ko koɗewa ba ta fara yi ba. A lokacin ina gidan mijina da 'ya'yana, ina sana'ar bandar kifi. In kai kifi tsallaken gada wajen Dahome, in dawo da garin rogo da manja. Mu biyu muka rage wa Inna, ni da ƙanena, wanda a gida muke kira Auta, a gari kuma ana ce masa Mushe don haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, shi kuma aikinsa ke nan. Tun yana ƙarami aka sa shi boko, daga wannan aji zuwa wancan har Dakar. Ya dawo mana da gemu, da akwati cike da littattafai, da wata magana da ta fi akwatin nauyi. Wai shi ya duba, ya yi tunani, bai ga alamar akwai kowa a sama ba.

Gaskiya bai taɓa zagin addinin kowa ba. In aka kira salla har rage muryar rediyonsa yake yi, tashi ne kawai ba ya yi. Inna ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa a ɗaki yake sallarsa saboda ciwon gwiwa, alhali kowa na ganinsa yana buga ƙwallo da 'yan lakwal. Ni kuwa ba na iya ɓoye abu a ciki. Na zage shi, na yi masa kuka, na yi masa gaba. Har rubutu na karɓo na zuba masa a fura ba da saninsa ba. Ya shanye tas, ya ce furar yau tana ɗanɗanon tawada, ya miƙo ƙwarya a ƙara masa.

Ana cikin haka, tsakiyar damina da sauron bakin kogi ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Majo, wato babban mai ba da magani a asibiti, ya zo har gida ya duba ta. Ya ce ciwon mai jin magani ne, in ta haɗiye ƙwayoyin kinin za ta tashi, in kuwa aka yi wasa zai hau mata kai, daga nan sai abin da Allah ya yi. Auta ya kawo ƙwayoyin da ruwa a moɗa ya durƙusa. Inna ta kalle shi, ta kalli maganin, ta rufe bakinta gam.

"Ba ni sha," in ji ta, "sai wanga yaro ya ɗaga hannu ya roƙa mini Allah. Da bakinai, da zuciyatai."

Ya kamata ku san wace ce Inna. Goro ta sayar tun tana budurwa, kuma ta san lokacin da mai saye ya shiga hannu ba shi da wajen zuwa. Shekara da shekaru tana neman inda za ta kama yaron nan, sai ga ciwo ya kawo mata shi har bakin gado. Jikinta na kakkarwa, amma wallahi na ga wani ɗan murmushi a gefen bakinta.

Masu dubiya suka yi ta shigowa, Hausawa da Dandawa da Fulanin da ke kawo mana nono. Kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, mu ce amin, ya ɗan zauna ya tafi da zuciya a sake. Ni ma in abin ya cika mini ciki sai in shimfiɗa tabarma in yi raka'a biyu, in yi kukana, in tashi na ji dama. Sai a lokacin na lura Auta ba shi da irin wannan wurin zuwa. Ban taɓa tunanin abin ba. Na ɗauka wanda bai yarda da Allah ba tsoro ma ba ya ji.

Abin da ya yi shi ne aiki. Ya wasa duk wuƙaƙen gidan, har da wadda muka daina amfani da ita tun rasuwar Baba. Ya yaɓe rumbu. Ya kwance kekensa lafiyayye ya sake ɗaurawa, wasu ƙarafa suka yi saura. Ya cike kududdufin ƙofar gida, ya gyara wa maƙwabciya ƙyaurenta ba ta roƙe shi ba. Da abin gyara ya ƙare, na shigo na tarar ya ɗaure akuyar Inna a jikin turmi yana wanke ta da sabulunsa mai ƙamshi, tana ihu, shi kuma yana ba ta haƙuri da Faransanci. Washegari na same shi a kan rufin ɗakin Inna yana sauya bunu.

"Kai, sauko!" na ce. "Uwarka na mutuwa ƙasa, kai kana sama kamar angulu?"

"Yaya," ya ce, ko waiwayo bai yi ba, "ke in kin ɗaga kai kina da wanda kike gaya ma. Ni in na ɗaga kai rufi nike gani, kuma yoyo shikai."

Sai na ce masa to ya yi mata ƙarya mana. Ya shiga ya ɗaga hannu ya motsa baki, wa zai buɗe ƙirjinsa ya duba? Na zaci zai yi mini dogon jawabi irin nasu na 'yan boko. Bai yi ba. Ya sauko nan take, ya wanke hannu, ya ari hular mijina, ya shiga ya durƙusa gaban gadon. Ya buɗe tafuka, ya rufe ido, leɓɓansa suka kama motsi. Ni har na fara cewa amin.

Inna ta buɗe ido ɗaya. "Mi kake karantawa?"

"Addu'a, Inna."

"Kunnenka na motsi. Tun kana goye in ka yi ƙarya kunnen hagu ka motsi. Lissahin lakwal kake yi mini bisa kai, ko ba shi ba?"

Shi ne kuwa. Daga baya ya gaya mini jadawalin sau bakwai yake bitawa. Inna ta juya fuskarta bango ta ce ita ba ta taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen goro ba, ba za a kawo mata ruɓaɓɓiyar addu'a ba. Da majo ya dawo ya taɓa goshinta, fuskarsa ta canza. Ya ja mu waje ya ce ko mu danne ta mu ɗura mata, ko mu fara aika wa dangi. Danne Inna kuwa, ko tana kwance, ba wanda ya isa a cikinmu.

Nan na yi abin da duk ɗan Gaya zai yi in ciniki ya cije, na nemo dillali. Kawunmu, ƙanen Inna, dillalin shanu ne, an ce bai taɓa barin mai saye da mai sayarwa su rabu hannu wofi ba. Ya zo da sandarsa a kafaɗa da ƙanshin kasuwar shanu a rigarsa. Ya hana su ganin juna, kamar yadda ake yi a kasuwa. Ya zaunar da Auta a tsakar gida kusa da akuyar da aka wanke, shi ya shiga ɗaki.

"Yaya, mi kinka sa ma kayanki?"

"Salla biyar, kullum, har ya mutu."

"Kai, kin tsawwala. Bari dai in ji tayi."

Ya fito. Auta ya ce zai aske gemu, zai bar shan sigari. Kawu ya kai, Inna ta ce albarka. Auta ya ƙara da cewa zai haƙa rijiya a unguwa da hannunsa, kowa ya sha a sa mata albarka. Ta ce albarka. Kawu ya yi ta kai da kawowa, gumi na zuba, yana rantsuwa a ɗaki yana rantsuwa a waje. Ya sauko da ita daga salla biyar zuwa Juma'a kawai, daga Juma'a zuwa Fatiha guda. Da ya ga ta ƙi sauka daga nan, sai ya koma kushe kaya, wanda shi ne babban makaminsa.

"Yaya, addu'ar wanga yaro fa ramamma ta. Ko an samo ta ba nama gare ta. Ki amshi tawa, in yi miki mai ƙiba yanzun nan."

"Taka na daɗe ina ji," in ji Inna da ƙyar. "Ba ta hana ka rantsuwar banza bisa gurguwar saniya ba."

Ƙarshe ta sauko har zuwa amin ɗaya, amma na gaskiya. Kawu ya fito da gudu kamar ya tsinci ɗan maraƙi. "Amin ɗaya, ɗana! Wanga ai kyauta ce!" Auta ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Kawu, da akwai shi cikin garkena da na ba ta tun ba ta tambaya ba. Babu." Kawu ya zauna a kan turmi ya cire hula. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba, mai saye na so, mai sayarwa na so, kayan ne kawai babu. Ni kuwa na shiga madafa na fashe da kuka, don na fara yarda cewa taurin kan mutanen nan biyu zai kashe mini uwa.

Aka kira la'asar. Na ji ƙarar buta ta faɗi a ɗaki, na taso da sauri. Inna ce ta miƙa hannu za ta yi alwala, hannun ya kasa. Kafin in isa Auta ya riga ni, ya karya dokar Kawu. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya jingina ta a ƙirjinsa, ya jawo tasa, ya sake cika butar da ruwan ɗumi. Ya wanke mata hannuwa, ya ba ta ta kurkure baki ta shaƙa a hanci, ya shafa mata fuska, ya bi da damatsa, da kai, da kunnuwa, har ƙafafu, dama kafin hagu. Bai tsallake komai ba. Yadda ta koya masa yana yaro haka ya yi mata, bakinsa a rufe.

Inna ta yi ta kallonsa. Can ta ce, a hankali, ba da muryar ciniki ba, "Auta, tsoro nike ji. In tahi can in yi ta jiranka, ba ka zo ba."

Yana riƙe da ƙafarta a cikin tasa ya ce, "Inna, ke kina da can. Ni nan kaɗai gare ni. In kin tahi, ni kin tahi mini duka, ba wani wuri da nika sa ran ganinki. Shi ya sa nike bisa rufi." Sai muryarsa ta karye, ya kifa kai a gwiwarta yana kuka kamar ɗan yaye. Na duba kunnensa na hagu. Ko motsi bai yi ba. Na san ita ma ta duba.

Na ga Inna tana lissafi, irin fuskar da take yi in tana juya farashi a ranta.

"To in na mutu," ta ce, "wa ka roƙa maka? Yayarka? Wadda sai rana ta hito take sallar asuba?"

"Inna!" na ce daga bakin ƙofa.

"Yi mini shiru. Ashe aikin nan ba ni da mai gado. Miƙo ƙwayoyin nan. Sai in zamna in ci gaba da roƙo, mu gani ni da kai wa ka gajiya."

Ta ɗauke su daga tafin hannunsa ta haɗiye, tana ɓata fuska don ɗaci. Kawu ya faɗo ɗakin yana ihu, "An sallama! An sallama!" Ya kama hannunta da na Auta ya tafa su da ƙarfi kamar an sayar da bijimi, ya fita yana gaya wa unguwa cewa shi ya ƙulla cinikin. Har la'ada ya nema. Da Inna ta warke, Auta ya je ya sauya masa bunun ɗakinsa.

Inna ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Kowace salla sai ta ambaci Auta da ƙarfi yadda zai ji, shi kuma in yana gida shi ke cika mata buta. Ba ta gaji ba, shi ma bai canza ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ranar da ta rasu bai shiga sahun sallar jana'iza ba, mutane suka yi ta gunaguni. Amma shi ya haƙa kabarin, bai bari kowa ya karɓi magirbin ba, har tafukansa suka fashe.

Ni ban fahimci abin da ke kansa ba har ya bar duniya, kuma aikin da Inna ta ce ba ta da mai gado, ni na gaje shi, yanzu kafin alfijir nake tashi. Abin da daminar nan ta koya mini shi ne kada in yi saurin cewa wane ba ya jin ciwon nasa don ban ji ya ce amin ba. Wani in tsoro ya kama shi yana da inda zai ajiye, wani kuwa a hannu yake riƙe da shi, shi ne za ku ga yana wanke akuya. Tun daga lokacin, in na je dubiya na gama addu'ata, ba na tashi sai na ɗaga kai na duba ko rufin yana yoyo.