Yadda Baba Ya Koyi Faɗuwa a Alƙahira

Mun tashi daga Argungu ana kiran assalatu, ni da Baba da direban da muka ɗauka shata. Baba yana kwance a kujerar baya, an tokare shi da matasan kai, keken guragunsa kuma an naɗe an cusa a but. Ku masu kirana a waya kuna tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi na zauna zan ba ku labarin gaba ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Ga wanda bai san Baba ba, a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, har cikin Nijar yake shiga neman abokin karawa, kuma ya ajiye kokawa ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Da labarin nan muka tashi, mun sha shi har mun haddace. Sai bara da damina santsi ya kwashe shi a banɗaki, ƙashin kwatangwalo ya karye. Ya daɗe a kwance kafin a gan shi, don kunya ta hana shi kiran kowa. An yi masa aiki a Sakkwato, ƙashi ya haɗe, amma Baba ya ƙi tashi. Ƙafafunsa suka fara ramewa muna kallo. Ƙanena da ke karatu a Alƙahira ne ya ce a kai shi can a gwada. Tun daga gida na sa a raina cewa in muka dawo da shi a keken nan, to ya zauna ke nan har abada, kuma tsoron wannan ne ya raka ni duk tafiyar.

Hanyar Gusau ba ta canza hali ba. Duk ramin da muka faɗa sai Baba ya cije leɓe, ni kuma in sauke fushina a kan direba, bawan Allah yana ba ni haƙuri kamar shi ya haƙa su. A shingayen bincike kuwa, da sojoji sun leƙo sun ga tsoho a kwance sai su ce mu wuce. Mun sha fura a Funtuwa, muka kwana a Kano, washegari muka hau jirgi.

Abin da ya fara tarbarmu a Alƙahira zafi ne da ƙarar hon. Direbobinsu da hon suke gaisawa, da shi suke faɗa, da shi suke ba juna haƙuri. Ƙanena yana zaune a unguwar Madinat Nasr, a hawa na huɗu, shi da abokan karatunsa, suka kwashe littattafansu suka bar mana ɗaki guda. Ranar farko muna shirin shiga lif aka ɗauke wuta. Na yi dariya har da riƙe ciki, ashe har Masar ana wannan abin. Ɗalibai suka ɗauki Baba da kekensa suka haura da shi. Shi bai yi dariya ba, ya rufe ido har muka isa.

Abincinsu ba tsada. Da gine ɗaya, kuɗin ƙasarsu, za a ba ka gurasa cike da wake da suke kira ful, kuma shi ne karin kumallon mai kuɗi da talaka. Akwai koshari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake a kwano ɗaya, an zuba miyar tumatur da soyayyar albasa. Baba ya kalle shi ya ce garau-garau ne da ya yi boko. Ruwan rake mai sanyi kaɗai ya shiga ransa, kullum da la'asar sai an sayo masa.

Likitan da muka gani a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya ce tamam, wato lafiya lau, babu abin da zai hana tsohon nan tafiya. Ya tura mu wurin masu gashin ƙashi. Can ma labarin bai canza ba. Da an ce ya miƙe sai Baba ya damƙe hannuwan keke, kuma damƙar tsohon ɗan kokawa ba mai ɓamɓare ta. Kwanaki suna tafiya, ranar komawarmu tana matsowa. Wata rana a tasi haƙurina ya ƙare, na ce masa mun ƙetare sahara mun zo, shi kuma taku ɗaya ya gagare shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Uwata, ke ba ki taɓa kwantawa ƙasa kina jiran a zo a ɗauke ki ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi nake fushi ba.

Ƙanena ne ya kawo shawarar mu fita da shi shan iska. Ashe tun zuwansa Masar yake koyon judo, kokawar mutanen Japan, a wata cibiyar matasa da ke bayan unguwarsu, bai taɓa gaya wa Baba ba don gudun gori. Ya ce tunda tsohon ɗan kokawa ne, ko banza zai sami abin kushewa, kuma kushe ma motsa jini ne.

Wurin wani dogon ɗaki ne, an shimfiɗe shi da katifu masu tauri, fankoki suna juyawa a sama. Takalma a jere a bakin ƙofa kamar na masallaci. Kafin a fara komai kowa ya ɗauki tsumma aka goge shimfiɗar, har da wani tsoho mai furfura da na zaci mai shara ne. Ashe shi ne malamin. Kaftin suke ce masa, haka Misirawa ke kiran duk mai horar da wasa. Suka jeru, waɗanda suka daɗe a gefe guda, sababbi a ɗaya gefen, aka yi shiru na ɗan lokaci, suka gaida malam, suka gaida juna. Daga nan sai faɗuwa. Kowa ya riƙa jefa kansa ƙasa, ta baya, ta gefe, ta gaba, yana buga shimfiɗa da hannu, ya tashi ya sake. Manyansu masu baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa, ma haka suke yi. Da aka zo kayar da juna na lura da abu biyu. Wanda ya kayar ba ya sakin hannun rigar wanda ya faɗi, yana riƙe da shi yana ɗan ja sama don kada ya bugu. Kuma in sun gama, sai ya gode masa. Ƙanena ya ce ai aron jikinsa ya ba ka ka koyi abu da shi, kayan aro kuwa lafiya ake mayar da shi.

Baba ya gaji da haɗiye magana. Ya ce, "Wagga wace irin kokowa ta, a kā da mutum ya tashi yana murna?"

Kaftin ya zo gaishe mu, ƙanena yana fassara. Da ya ji wane ne Baba, sai ya durƙusa gaban keken ya roƙi a nuna masa kamun ƙasarmu. Baba ya yi kamar ba zai kula ba, can sai hannu ya tuna aikinsa. Ya kama tsohon a ƙeya da damtse, ya ɗan murɗa. Kaftin ya bi hannun ya wuntsila, ya buga shimfiɗa, kafin in rufe baki ya miƙe yana gyara ɗamara. Ya ce kamun nan na gaske ne. Sannan ya tambayi Baba sau nawa ya taɓa faɗuwa.

Baba ya ce, "Sau guda."

Kaftin ya girgiza kai da tausayi, kamar an ce masa mutum bai taɓa cin nama ba. Ya ce, "Ma'alish ya Hajji, sai haƙuri. Shi ya sa ba ka iya ba. An bar ka da babu malami."

Ya ba mu labari cewa yana saurayi ya je Japan, yana ji da ƙarfinsa. Watannin farko ba a koya masa kayar da kowa ba, daga goge daɓe sai faɗuwa. Malaminsa ba mai yawan magana ba ne, in ka yi kuskure sai ya zo ya gyara maka kafaɗa da hannunsa ya wuce. A wurinsu ba a ba ka izinin kayar da mutum sai ka san abin da ƙasa take yi wa jiki. Ya ce shi har yau kullum sai ya faɗi kafin ya karya kumallo, kuma da ƙasa suna zaman lafiya.

Muka koma gida. Washegari da la'asar, maimakon ruwan rake, sai ya ce wa ƙanena, "Yaushe ne tsohon nan ka buɗe wurinai?"

Mun tambayi likita, ya ce in daga zaune ne kuma a hankali, ba laifi. Kaftin ya ba mu lokacin hantsi, sa'ad da ba kowa a ɗakin. Shi da ƙanena suka sauko da Baba daga keke suka zaunar da shi a shimfiɗa. Darasin farko ba wuya a ido. Ka sa haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka koma baya a hankali, ka buga hannu. Kaftin ya yi ya nuna, ya sake yi. Baba yana zaune, gumi yana bin wuyansa. Na matso zan tallafe shi ta hammata yadda na saba, Kaftin ya tsayar da ni. Ya ɗauki hannuna ya ɗora a hannun rigar Baba, wajen gwiwar hannu. Ya ce nan kaɗai zan riƙe, kada in hana shi tafiya ƙasa, in dai bar shi ya ji ina nan.

Baba ya kalle ni, ya sa haɓa a ƙirji, ya tafi. Gadon bayan nan da makaɗa suka yi wa kirari ya kwanta a shimfiɗar mutanen Masar, hannunsa ya buga, ƙarar ta cika ɗakin. Ya tsaya a kwance yana kallon fanka, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa. Ni ma kuka nake, ina riƙe da rigar. Sai Kaftin ya kwanta kusa da shi, tsofaffi biyu suna kallon rufi. Can Baba ya ce, "Ashe iyakar abin ke nan."

Sauran kwanakinmu a can muka ƙare su. Bayan faɗuwa aka koya masa tashi, ya juya gefe, ya dafa, ya kafa gwiwar ƙafar mai lafiya, ya kama kujera. Masu gashin ƙashi suka ga canji, don mutumin da ke damƙe keke ya fara neman a samo masa sanda. Dalar Giza da kowa ke tambayata, daga nesa na hango ta ta tagar tasi. Kogin Nilu dai mun je da yamma, Baba ya taka daga mota zuwa bakin ƙarfen gada yana dogara sanda, ya leƙa ruwan ya ce ya fi na Argungu faɗi, amma bai ga alamar kifin kirki ba.

Ranar sallama Baba ya sa aka ba shi tsumma, ya goge iyakar inda hannunsa ya kai daga zaune. Ya cire hularsa ya ba Kaftin, Kaftin ya ba shi farar ɗamara, irin ta sabon shiga. Ba mai jin yaren wani, suka riƙe hannu suka daɗe. Keken kuwa mun bar wa mai gadin benen su ƙanena, yana da suruka mai ciwon ƙafa.

Mun iso Argungu da yamma, gida cike da 'yan taryar Baba. Ya sauko daga mota da sandarsa, ya ratsa zaure, mata suna ta hamdala. A tsakar gida sandar ta shige wani ɗan rami da kaji suka tona, na ga ya tafi. Ina gefensa, hannun rigarsa kawai na samu na kama. Ya lanƙwashe, haɓa a ƙirji, ya mirgina a rairayi ya buga hannu. Gida ya ɗauki salati, maza suka yo kansa.

Daga kwancen ya ɗaga musu hannu. "Kowa shi tsaya inda ya ke. Ni ka tashi da kaina."

Ya juya gefe, ya dafa, ya kafa gwiwa, ya kama turmin da ke kusa. Ya ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya motsa. Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni ya ce, "Uwata, sake mini riga hakanan, mutane na kallo."

Kun tambaye ni abin da na samo a Masar. Ban sayo atamfa ba, ban ga cikin dala ba. Na tafi ina roƙon Allah kada Baba ya sake faɗuwa, ashe ba wannan ce addu'ar da ta kamace mu ba, don mai tafiya a ƙasa ba ya rabuwa da ita. Na koyi inda ake riƙe mutum in ana ƙaunarsa, a hannun riga, ba a hammata ba. Yanzu kullum bayan sallar asuba ina jin ƙarar hannu a kan katifa daga ɗakinsa, sau biyu ko uku, sannan in ji takun sandarsa ya nufi zaure. Sai na ji wannan nake ɗora ruwan koko.